Minti Ɗaya da Rabi a Bakin Tanderu

(Kiɗan buɗe shiri)

  

Yau abinci za mu taɓa, kuma abinci ne da yawancinmu muka fara gani a talabijin ko a waya kafin mu gan shi ido da ido, wato fiza. A garuruwanmu an fi saninta a manyan shaguna masu gilashi da na'urar sanyaya ɗaki, inda ake miƙo ta cikin kwali a karɓi kuɗin da zai yi wa wani gida cefanen yini. Shi ya sa ake ɗaukarta abincin masu hannu da shuni. Amma a garin da aka haife ta abincin talaka ce, a bakin titi ta tashi, a bakin titi ta girma. Wadda za mu yi magana a kanta yau ita ce wadda ake gasawa da wutar itace, wadda masu sana'ar tafi-da-gidanka ke kafa tanderunsu a gefen kasuwa ko a filin biki su sayar na 'yan sa'o'i, da an watse su naɗe kayansu su yi gaba. Ina so mu ga inda ta samo asali, mu ga abin da wuta ke yi mata, sannan mu san abin da ya kamata mutum ya duba kafin ya miƙa kuɗinsa.

Garin da aka haife ta shi ne Napoli, a kudancin Italiya, a bakin teku, a gindin dutsen nan mai aman wuta da ake kira Besubiyo. Masu kallon ƙwallo ba baƙonku ba ne. Can Maradona ya yi tashe, can kuma Victor Osimhen ya taimaka aka ɗauki kofin gasar Italiya a 2023. Shekara ɗari biyu zuwa ɗari uku da suka wuce, Napoli na cikin biranen da suka fi cunkoso a duk Turai. Talakawa na kwana a ɗakunan ƙasa masu duhu, iyali guda a ɗaki guda, ba wurin hura wuta balle wurin girki. Wanda ba shi da murhu dole a waje zai ci, kuma dole abin ya zama mai araha, mai riƙe ciki, wanda za a ci a tsaye a koma bakin aiki. Kwaɓin fulawa da aka shimfiɗa, aka yayyafa masa ɗan mai da gishiri da tafarnuwa aka jefa wuta, shi ya biya wannan buƙata. Tumatir daga baya ya shigo. Daga nahiyar Amurka aka kawo shi Turai a ƙarni na 16, kuma an daɗe ana ɗari-ɗari da shi, ana zaton guba ne, kafin ya sami gurbi a kan kwaɓin talakawan Napoli.

Marubucin nan na Faransa, Alexandre Dumas, ya ziyarci garin a 1835, kuma a littafin da ya fitar a kan tafiyar ya lura cewa talakan Napoli kankana yake dogara da ita da zafi, fiza kuma da sanyi. A 1884, shekarar da annobar kwalara ta yi ɓarna a garin, wata 'yar jarida mai suna Matilde Serao ta rubuta halin da unguwannin talakawa ke ciki, ba ta kuma ɓoye yadda ake yanka fiza gunduwa-gunduwa a baje a kan tebur, ta yini a rana ƙudaje na binta, ana saye da ƙaramin tsaba. Ku riƙe wannan, domin za mu dawo kansa. Akwai kuma yara masu talla da ke karɓo ta daga masu tanderu su zuba a wani gwangwanin ƙarfe mai murfi wanda ke riƙe zafi, su ɗora a ka su shiga lunguna suna kira. Bayan yaƙin duniya na biyu, lokacin da talauci ya kai intaha, cuku ya yi tsada, itacen ma ya yi wuya, mata suka riƙa soya kwaɓin a mai a ƙofar ɗakunansu suna bayarwa bashi, a ci yau a biya bayan kwana takwas. Fim ɗin da Vittorio De Sica ya fitar a 1954 mai suna L'oro di Napoli ya nuna wannan, Sophia Loren ce ta fito a matsayin mai suyar. Wannan bashin na kwana takwas yana taɓa mini zuciya, don yana nuna cewa mai sayarwa ta san fuskar kowa a layinta, kuma ta san wanda bai karya ba.

Akwai labarin da kowa ke bayarwa, cewa a 1889 wani mai gasa fiza, Raffaele Esposito, ya yi wa Sarauniya Margherita fiza mai launin tutar Italiya: jan tumatir, farin cuku, da koren ganyen ɗoɗɗoya, sai aka raɗa mata sunan sarauniyar. Masana tarihi suna tababa a kan labarin, don an riga an rubuta irin wannan haɗi tun kafin shekarar. Ko ma dai yaya ne, suna ya bi ta, kuma har yau ita da 'yar uwarta marinara, wadda ba ta da cuku sam, sai tumatir da tafarnuwa da wani ganye mai ƙanshi da man zaitun, su ne ma'aunin da ake auna gwani da su. Idan kaya ba su da yawa a kai, ba abin da zai ɓoye aibin kwaɓi.

(Gajeren kiɗa)

To, yanzu ku matso mu tsaya gaban mai sana'ar mu kalli hannunsa.

A gefensa akwai akwatuna masu faɗi da murfi, ciki curi-curin kwaɓi ne a jere, kowanne bai wuce giram 250 ba ko kusa da haka, sun kumbura sun jingina da juna. Zai sa wani ɗan ƙarfe mai faɗi ya yanko guda, ya tsoma shi a garin fulawa, ya ajiye a kan tebur. Ba ya amfani da muciyar murza kwaɓi. Da tafin yatsu yake dannawa, daga tsakiya zuwa gefe, yana kora iskar da ke ciki zuwa baki, ya bar bakin bai taɓa ba. Sai ya ɗaga ya riƙa wurga shi daga wannan hannu zuwa wancan yana marinsa a kan tebur, kafin ka ƙifta ido ya zama faifai. Ludayi guda na markaɗaɗɗen tumatir a tsakiya, ya juya bayan ludayin yana zagayawa har ya kusa baki. Cuku ya biyo baya, a warwatse, ganye biyu ko uku, sai zaren man zaitun daga wata 'yar buta mai dogon baki. Ya jawo faifan bisa wani allo mai doguwar ƙota, ya gyara gefe, ya zura cikin tanderu, ya fizge allon da sauri ɗaya.

Leƙa ciki ka gani. Itacen na gefe guda, harshen wuta na hawa bango yana bin rufin tanderun yana lanƙwasowa. Cikin daƙiƙa ashirin bakin fizar ya fara tashi kamar ana hura shi. Gefen da ke fuskantar wuta ya fara ɗige-ɗigen baƙi. Sai ya zura wani ƙaramin faranti mai doguwar ƙota ya ɗaga ta kaɗan ya juya, ya mayar da ita daidai inda ya ɗauke ta, domin idan ya sauya mata wuri, ƙasan da ba a taɓa ba ya fi zafi, zai ƙone mata gindi. Ya sake juyawa. Wani lokaci ya ɗaga ta sama kusa da rufi na daƙiƙa biyu don saman ya ƙarasa. Ya fito da ita tana tururi, cukun na tafasa. Tun shigarta zuwa fitarta, minti ɗaya ne zuwa ɗaya da rabi.

Me ya sa take nuna da wuri haka? Zafi. Tanderun girki na zamani da ke wasu gidaje da ƙyar yake wuce digiri 250 a ma'aunin Salshiyas. Na mutanen Napoli yana kaiwa wajen digiri 485. Kuma zafin ta hanya uku yake zuwa mata a lokaci guda. Daɓen tanderun, wanda tubalin yumɓu ne ko dutse, yana gasa ta daga ƙasa. Rufin da ya sha wuta na sa'o'i yana maido da zafi daga sama. Iska kuma na shiga ta ƙasan bakin tanderun, ta ciyar da wuta, ta zagaya rufi da zafinta, ta fita ta saman bakin zuwa bututun hayaƙi. Ruwan da ke cikin kwaɓin nan take yake zama tururi, ya cika 'yan ramukan da yis ya riga ya yi, kwaɓin ya buɗe. Waje ya gasu tun ciki bai bushe ba. Idan ka sa wannan kwaɓin a tanderun gida na minti goma sha biyar, zai nuna, amma ruwansa ya gudu, sai ka ji shi da tauri.

Yumɓun ma da dalilinsa. Ƙarfe yana miƙa zafi da gaggawa, da za a ɗora kwaɓi a kan ƙarfen da ya kai wannan zafi, gawayi za a kwaso. Yumɓu kuwa a hankali yake sakin nasa. Masu gurasar Kano sun san wannan ba tare da an karanta musu ba: tanderunsu na ƙasa ne, sai ya sha wuta ya ƙoshi kafin a manna kwaɓi a jikinsa, kuma mai gurasa da hannunta take sanin ya kai ko bai kai ba. Mai fiza shi da ido yake ganewa. Idan aka fara hura wuta, rufin tanderun baƙi ƙirin yake yi da hayaƙi. Idan zafi ya kai, baƙin sai ya ƙone ya ɓace, rufin ya koma fari. Sai a lokacin ake tura garwashi gefe, a share daɓe, a fara aiki. Babban tanderun tubali yakan ci sa'o'i kafin ya kai nan, shi ya sa mai sana'ar ke isowa tun kasuwa ba ta ci ba.

Mutane da yawa na zaton ƙanshin hayaƙin itace ne sirrin. Ni dai ban yarda da wannan ba sosai. Abin da bai wuce minti ɗaya da rabi a wuta ba, wane hayaƙi zai kama shi? Wutar da ke ci da kyau ma ba ta da hayaƙi mai yawa. Daɗin yana zuwa ne daga tsananin zafi, da kuma wani abu da mai saye ba ya gani, wato daren da kwaɓin ya kwana yana tashi. Kayan haɗinsa huɗu ne kacal: fulawa, ruwa, gishiri, da yis ɗan mitsitsi. Ba sukari, ba ƙwai, ba mai. Ƙa'idar mutanen Napoli ita ce a bar shi ya huta aƙalla sa'a takwas, masu yawa kuma sukan bar shi yini da kwana. A wannan lokaci yis na aikinsa sannu a hankali, kwaɓin na yin laushi, yana samun ɗanɗano, yana miƙuwa ba tare da ya yage ba. Wanda ya cika yis don ya tashi cikin sa'a guda, kwaɓinsa ba ya samun wannan laushi da ɗanɗano. Saboda haka abin da ka ga an gama a gabanka cikin ƙiftawar ido, tun jiya aka fara shi.

Sana'ar ta sami masu tsaronta. A 1984 aka kafa wata ƙungiya a Napoli da ta rubuta ƙa'idojin fizar asali, har da cewa faɗinta kada ya wuce santimita 35. A 2010 Tarayyar Turai ta yi mata rajista a matsayin abincin gargajiya mai kariya. A watan Disamban 2017 kuma, a taron da aka yi a tsibirin Jeju na Koriya ta Kudu, hukumar UNESCO ta sa gwanintar masu gasa fizar Napoli cikin jerin al'adun duniya da ake gadonsu. Ku lura da kyau, hannun mai yi aka karrama, da yadda uba ke koya wa ɗa, maigida ke koya wa yaron shago. A lissafin hukumar, masu wannan sana'a a Napoli sun kai wajen 3,000. Duk da wannan girma, idan ka bi tsohon layin nan na Via dei Tribunali yau, za ka tarar da ƙananan fiza a akwatin gilashi a ƙofar shago, ana naɗe maka ita gida huɗu a cikin takarda, ka kama ka ci kana tafiya, kamar yadda kakanninsu suka yi.

(Gajeren kiɗa)

Yadda ta bar gida kuwa, mutanenta ne suka ɗauke ta. Talauci ya kori miliyoyin 'yan kudancin Italiya zuwa ƙasashen waje, kuma an ce a 1905 aka buɗe shagon Lombardi a birnin Niyok na Amurka, wanda ake lissafa shi cikin na farko a can. A birnin Marsey na Faransa, inda zuriyar mutanen Napoli ke da yawa, a 1962 wani mutum mai suna Jean Méritan ya ɗora tanderu a bayan mota ya riƙa bin unguwanni, har yau kuma motocin fiza masu bututun hayaƙi suna nan a kusurwoyin garin da yamma. A Landan, wasu 'yan'uwa biyu, Thom da James Elliot, sun sayo wata 'yar mota mai ƙafa uku ƙirar Piaggio Ape a kudancin Italiya, suka tuƙo ta har Ingila, suka sa mata tanderu a baya, suka fara sayarwa a kasuwar titin Berwick a 2012. Wannan mota dangin a-daidaita-sahun da muke hawa kullum ce, kamfanin ya fara ƙera irinta tun 1948. Daga baya kamfanoni irin su Ooni suka fito da ƙananan tanderu da mutum ɗaya zai rungume ya sa a bayan mota, su yi zafi cikin kamar minti ashirin. Wannan shi ya buɗe ƙofa ga matasa masu ƙaramin jari a ƙasashe da dama: tebur, rumfar tamfol, akwatin kwaɓi, ɗaurin itace, sai allon farashi.

Abin da nake so game da wannan sana'a shi ne ba ta da labule. A babban shago, kicin na bayan bango, abin da aka miƙo maka shi za ka karɓa. A bakin titi kuwa komai a gabanka yake. To tunda an ba ka damar gani, sai ka yi amfani da idonka. Ko ka je ƙasar waje ne karatu ko fatauci, ko a wani bikin baje kolin abinci a Abuja ko Yamai ka ci karo da mai irin wannan tanderu, ga abin da za ka duba.

Fara da itacen, kafin ma ka kalli abincin. A Italiya busasshen itace mai ƙarfi ake so, wanda ya daɗe da sara, ba ɗanye ba, ba mai ƙaro ba. Ɗanyen itace hayaƙi yake yi ba zafi. Wanda ya fi haɗari shi ne guntayen katakon gini, tsohuwar ƙofa mai fenti, falanki mai gam, ko katakon da aka jiƙa da maganin gara. Wasu daga cikin magungunan da ake yi wa katako suna ɗauke da sinadarin asenik, wanda guba ne, kuma ƙona shi na sakinsa cikin hayaƙi da toka. A wannan tanderu abinci da wuta ɗaki ɗaya suke kwana, ba tukunya a tsakani, ba murfi. Duk abin da aka ƙona, gubarsa na iya taɓa fizar. Idan ka ga ana kunna wuta da leda ko roba ko tsumman kalanzir, ko ka ga katako mai fenti a cikin tarin, ka wuce abinka. Wannan gargaɗi bai tsaya kan fiza ba, ya shafi mai tsire da mai balangu da mai gasa masara, har da murhun gidajenmu. Hayaƙin ma kansa lamari ne. A ƙarshen 2015 wani ƙaramin gari kusa da Napoli mai suna San Vitaliano ya hana amfani da tanderun itace na wani lokaci sai ga wanda ya sa matatar hayaƙi, saboda iskar garin ta gurɓace. Idan a mahaifar fiza an kai ga haka, to wanda zai kafa wannan sana'a a wurinmu, inda itace ke ƙaranci kuma hamada ke matsowa, ya kamata ya yi tunanin inda zai samo makamashinsa. Akwai tanderun gas da ke kai wannan zafi, kuma fizarsa ba ta da laifi.

Sai ƙuna. Ɗige-ɗigen baƙi a bakin fiza alamar wuta mai kyau ce, kada su tsorata ka. Amma ɗaga ta ka leƙa ƙasanta. Idan ka ga ya yi baƙi shimfiɗe guda, yana ɗaci, yana shafa maka gawayi a yatsa, wannan ƙonewa ce, ko dai garin fulawa ya yi yawa a ƙasa ko ba a share daɓen ba. Ƙonannen abinci ba ya yi wa jiki alheri idan ana yawan cinsa. Ka yanke wurin ka yar, in ya yi yawa ka mayar masa, mai sana'ar kirki ba zai yi musu ba.

Inda na fi so ku buɗe kunne shi ne kayan da ake ɗorawa a kai. Mutum zai ce, abin da ya shiga wuta mai zafin digiri ɗari huɗu da wani abu, wace ƙwayar cuta za ta tsira? Gaskiya ne ga kwaɓi da tumatir. Amma minti ɗaya da rabi ba ya dafa ɗanyen naman kaza, ba ya dafa gudan niƙaƙƙen nama har ciki. Dole a ce an riga an dafa su kafin a ɗora. Akwai kuma abin da ake yayyafawa bayan an fito da ita, kamar ɗanyen ganye, wanda bai ga wuta ba ko kaɗan. Cukun da ake amfani da shi, mozarela, ɗanyen cuku ne mai ruwa-ruwa, na asali ma da nonon ɓauna ake yinsa a yankin Kamfaniya da ke kewaye da Napoli, kuma ba ya jure zafi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce abinci mai saurin lalacewa a ajiye shi ƙasa da digiri 5 ko sama da digiri 60, kuma dafaffen abinci kada ya wuce sa'a biyu a ajiye haka kawai. To duba ka gani: cukun da naman a cikin kula mai ƙanƙara suke, ana ɗebowa kaɗan-kaɗan, ko tun hantsi suke a buɗe a gefen tanderu? Robobin da murfi? Akwai ruwa da sabulu a kusa? Hannun da ke karɓar kuɗi shi ne ke komawa cikin cuku? A rumfar da aka tsara da kyau za ka ga mutum biyu, ɗaya na kwaɓi da wuta, ɗaya na kuɗi da kwali. Ku tuna fizar da Matilde Serao ta gani tana yini a rana. Waccan an gasa ta ne tun safe aka baje. Wadda aka yi maka a gabanka, ka karɓa da zafinta, ta fi kowace aminci, don haka kada ka yarda a ba ka wadda ta daɗe a ajiye don kawai kana sauri.

Ga 'yan'uwa Musulmi da ke tafiye-tafiye, akwai ƙarin abin lura. Naman alade ya shiga girkin Italiya sosai. Jajayen yankakkun naman nan masu kama da kwabo da ake jerawa a kan fiza, waɗanda ake kira salami ko feferoni, galibi na alade ne, haka ma siririn busasshen naman da suke kira prosciutto. Soyayyar fizar nan ta Napoli da na ambata, a al'ada ana cusa mata soyayyen kitsen alade tare da cuku. Akwai ma wata tsohuwar fiza da ake shafa wa man alade a maimakon man zaitun. Saboda haka ka tambaya, kada ka ji kunya, masu sana'ar sun saba da tambaya. Mafi sauƙi ka nemi marinara ko margherita, waɗanda a ƙa'idarsu ba nama a ciki, ka kuma lura ko wuƙar da aka yanka ta wani da ita ce za a yanka taka.

Iyayenmu masu hawan jini, ga naku. Kwaɓin fiza na da gishiri fiye da yadda harshe ke ji. A ƙa'idar Napoli, lita guda ta ruwa tana ɗaukar gishiri wajen giram 50 da fulawa kusan kilo biyu, abin da zai ba da curi goma ko sha ɗaya. Ku raba ku gani: kowace fiza ta tashi da giram huɗu zuwa biyar tun ba a sa cuku ba. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ta ce babban mutum kada ya kai giram 5 na gishiri a yini. Fiza guda ta kusa cinye rabon yinin gaba ɗaya. Ba a ce kada a ci ba, amma a raba da wani, a bi da ruwa maimakon lemon kwalba, kuma kada ta zama ta kullum.

In an miƙo maka, kada ka rufe kwalin ka ce sai ka isa gida. Tururi zai taru a ciki ya jiƙa ta, cukun ya daskare, bakin da ya tashi ya kwanta. Wannan irin fiza rayuwarta minti biyar ce zuwa goma. Tsakiyarta siririya ce mai laushi da ɗan ruwa-ruwa, haka ake yinta, ba rashin nuna ba ne. Ka naɗe yankan gida biyu, ka tallafi bakinsa da yatsa don kada kayan su zube, ka ɗan jira kaɗan domin cuku mai zafi na ƙona dasashi. Ka yaga bakin ka duba ciki: idan ka ga manyan ramuka, ga laushi, ga ƙanshin burodi mai ɗan tsami kaɗan, to kwaɓin ya kwana, kuma mai shi ya san aikinsa. Idan ciki a cushe yake, yana manne wa haƙori, ko dai an gaggauta kwaɓin ko tanderun bai kai ba, sai ka gwada wata rumfar a wani karon.

Jama'a masu sauraro, lokaci ya cim mana.  

(Kiɗan rufe shiri)